Wahalar Da Ke Bayan Hoto Guda A Jadawalin Kwamfuta

Daga Wakilinmu

Duk akawun da aka taɓa ɗora wa nauyin haɗa jerin sunayen ma'aikata, kowane suna da hoton mai shi a gefe, ya san abin da ake kira jan aiki. Idan da hannu zai yi, sai ya riƙa ɗaukar hotunan ɗaya bayan ɗaya yana mannawa cikin Excel, ya kwashe kwana da kwanaki bai ga ƙarshensu ba. Saboda haka ne masu rubuta manhaja ke sa kwamfuta ta yi aikin da kanta. Abin da suke dogara da shi kuwa shi ne wasu kundayen umarni waɗanda aka riga aka rubuta, aka sake su kyauta, kowa na da ikon ya karanta su, ya gyara, ya ƙara. Koya wa irin waɗannan kundaye sa hoto a jadawali, kallon kitse ake yi wa rogo: da gani kamar wasa, amma aiki ne mai cin rai.

Daga cikin kundayen da suka yi suna akwai Spreadsheet::WriteExcel, wanda John McNamara ya fitar cikin shekarar 2000 domin masu rubutu da harshen kwamfuta na Perl, da kuma XlsxWriter, wanda shi dai ya fitar a 2013 domin masu harshen Python. Akwai kuma openpyxl, wanda Eric Gazoni ya fara a 2010, daga baya Charlie Clark ya ci gaba da kula da shi. Dukansu sun iya zuba lambobi da kalmomi cikin guraben jadawali. Hoto ne ya fi ba irinsu wuya, har ma wani tsohon kundi mai suna xlwt bai karɓi kowane irin hoto ba sai nau'in BMP kaɗai.

Dalili shi ne, a tsarin da aka saba da shi, hoto ba ya zama cikin gurbi kamar yadda lamba ke zama. Yana shawagi ne a saman jadawalin, kamar takardar da aka ɗora bisa buɗaɗɗen littafi. Fayil ɗin da sunansa ke ƙarewa da xlsx, wanda ya zo tare da Excel 2007, ƙunshi ne irin na zip mai ɗauke da ƙananan fayiloli masu yawa. Ƙungiyar Ecma ta amince da ƙa'idarsa a watan Disamba na 2006, sa'an nan ya zama ƙa'idar duniya mai lamba ISO/IEC 29500 a 2008. Kafin hoto guda ya bayyana, sai an ajiye shi a wani aljihu da ake kira xl/media, a rubuta takardar zane mai faɗin inda zai tsaya, a rubuta wata mai haɗa takardar zanen da hoton, da wata mai haɗa shafin jadawalin da takardar zanen, a kuma sanar da nau'in hoton cikin jerin kayan da ƙunshin ya ɗauko. In aka yi kuskure a ɗaya daga cikinsu, ko dai hoton ya ƙi fitowa, ko kuwa Excel ya ce fayil ɗin na bukatar gyara.

Bayan wannan sai maganar awo. Takardar zanen ba ta san inci ko santimita ba, da wani ɗan mitsitsin ma'auni take aiki mai suna EMU, wanda 914,400 nasa ne inci ɗaya, 360,000 kuma santimita ɗaya. Alhali kuwa faɗin layin tsaye da yawan haruffa ake auna shi, tsawon layin kwance kuma da ma'aunin masu ɗab'i. A jadawalin da ba a taɓa ba, mai rubutun Calibri 11, gurbi guda ɗigo 64 ne a faɗi, 20 a tsawo. To, a ɗauki hoton fasfo mai santimita 3.5 da 4.5, watau kimanin ɗigo 132 da 170. Zai cinye layin tsaye biyu ya leƙa na uku da ɗigo 4, ya cinye layin kwance takwas ya shiga na tara da ɗigo 10. Dole kundin ya yi wannan lissafi da kansa, ya kuma sake shi duk inda aka faɗaɗa wani layi ko aka ɓoye shi. Kafin nan ma sai ya san girman hoton. XlsxWriter yakan karanto shi daga goshin fayil ɗin hoton da kansa, shi kuwa openpyxl sai ya nemi taimakon wani kundi mai suna Pillow.

Har ila yau akwai batun turke, domin ɗaure hoton ake yi kamar dabba. Ƙa'idar ta ba da hanya uku: a ɗaure shi ga gurbi ɗaya, ko ga gurbi biyu, na farkonsa da na ƙarshensa, ko kuwa a kafe shi wuri guda a shafi ba ruwansa da gurabe. Nan ne abin ya shafi ma'aikaci kai tsaye. Idan aka kafe hoto, sa'an nan wani ya zo ya ƙara layi a sama, sunaye za su sauka ƙasa su bar hotunan a inda suke, sai fuskar wani ta tsaya gefen sunan wani. A takardar tantance ma'aikata ko ta 'yan fansho, wannan kuskure na iya jawo wa bawan Allah tsaikon haƙƙinsa ba tare da laifin komai ba.

Rubuta hoto daban, karanto shi daga fayil ɗin da wani ya riga ya yi daban. Shekaru da dama bayanin openpyxl na gargaɗin cewa duk wanda ya buɗe tsohon fayil da shi ya sake adanawa zai rasa hotunan da ke ciki, kafin daga baya a koya masa riƙe su. XlsxWriter kuwa tun asali sabon fayil kawai yake rubutawa, ba ya buɗe tsoho. Aikin kuma bai ƙare ba, domin a 2023 kamfanin Microsoft ya kawo hanyar zaunar da hoto cikin gurbin kansa, XlsxWriter kuma ya biyo sawu a 2024.

Abin lura shi ne, mutane ƙalilan ne ke ɗauke da wannan nauyi, galibi aikin sa kai suke yi, alhali ofisoshi masu ɗimbin yawa a duniya na cin moriyarsa. Don haka ya kamata ma'aikaci ya riƙa ajiye kwafin fayil kafin ya bar wata manhaja ta taɓa shi, ya kuma bi sunaye da hotuna da idonsa kafin ya miƙa wa na gaba da shi. Ɗalibanmu masu koyon kwamfuta kuwa, ƙofa a buɗe take gare su. Wanda ya ci karo da hoton da ya goce daga wurinsa, ya haɗa ɗan misali wanda babu sirrin kowa a ciki, ya aika wa masu kula da kundin. Wanda ya iya gyarawa, ya gyara ya miƙa musu su duba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.