Manɗiƙi: Yadda Musu Ke Juya "Da" Ta Koma "Ko"

A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463-1499) ne Shehu Magili ya sauka Kano, shi ne malamin da ya ja da Suyuɗi na Masar a kan halaccin ilmin manɗiƙi. Daga cikin abin da wannan fanni ke koyarwa akwai gane zance biyu da lafazinsu ya saɓa, amma hukuncinsu ɗaya.

Alal misali, manomi a Tudun Wada ya gaya wa alƙali, "Ba masara da dawa duka biyu shanu suka cinye ba." Daidai yake da cewa ɗayansu, akalla, ta tsira. Watau ƙarar ɓarna tana nan. Amma idan magatakarda ya rubuta, "Ba su ci masara ko dawa ba," to ya wanke makiyayi sarai, domin ma'anarsa masara ta tsira, dawa ma ta tsira, diyya kuwa ta faɗi.

Ashe musu kan mai da "da" ta zama "ko", ya mai da "ko" ta zama "da". Turawa suna jingina ƙa'idar ga Augustus De Morgan na Ingila, mai littafin 1847, ko da yake an san ta ƙarnoni kafinsa.