Maganin da Bai Narke Ba

Duk wanda ya ratsa layin masu kyamis a Sabon Garin Zariya da damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da gida sukutum, zai ga yadda ake sayen ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa irin su Coartem, a haɗiye da ruwan leda bisa cikin da ya wuni bai ga hatsi ba, alhali kuwa a nan mas'alar take. Ɗaya daga cikin sinadarai biyu da ke cikin ƙwayar, wato lumefantirin, ba ya jituwa da ruwa ko kaɗan, kuma abin da bai narke a hanji ba jini ba ya ɗaukarsa, sai ya bi bayan gida ya fice. An tabbatar cewa idan aka sha shi da abinci mai maiƙo, abin da jiki ke tsotsa yana iya ninkawa har sau 16.

Wannan illa ta daɗe tana damun malaman harhaɗa magani, irin waɗanda ke koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, kuma dabarunsu a kanta akwai hikima. Ta farko niƙa ce, domin kamar yadda dakakkiyar kanwa ke riga dunƙule narkewa, haka maganin makero mai suna girisofulbin ya ƙara fa'ida da aka mayar da shi gari mai tsananin laushi. A shekarar 1961 wasu masana biyu a Japan, Sekiguchi da Obi, suka zo da wata hanya: a narkar da magani tare da wani abu mai son ruwa, a bar su su daskare, ta yadda in abokin ya narke a ciki sai ya saki maganin ƙanana-ƙanana. Wasu magungunan kuma tun a masana'anta ake jiƙa su cikin mai, a rufe a kafso.

Amma a ganina duk wannan ilmi tauyayye ne matuƙar bai isa bakin kanta ba. Mai zazzaɓi ba ya marmarin abinci, saboda haka wajibi ne mai kyamis ya ce masa, "Baba, ko kofin madara ne a daure a sha da kowane zubi." Zubi shida ne cikin kwana uku, kuma kada a tsaya don an ji sauƙi.