Ranar da ake kife kwanon ɗan riƙo: Abin da ke faruwa a Amurka



A aikinmu na harhaɗa magunguna babu maganar da muke yawan maimaitawa kamar "a sha bayan an ci abinci." Kwanakin baya na faɗa wa wani matashi haka a kantin da nake aiki a Agege, bayan na miƙa masa maganin zazzaɓin cizon sauro. Sai ya yi murmushi ya ce, "Anti, idan ba a ci ba fa?" Da na ja shi da hira, ashe a gidan marayu ya tashi. Tun da ya cika shekara 18 aka sallame shi, kuma daga ranar cin abincinsa ya koma na sa'a.

Mai karatu, kada ka ɗauka mu kaɗai ke da wannan matsala. A Amurka ma, da duk arzikinta, ana ta kai-komo a kan tambayar yaron nan, har sau biyu aka canza doka a cikin shekara biyu.

Yadda riƙo yake a can

A Amurka idan iyaye suka rasu, ko kotu ta ga ba za su iya kula da yaro ba, hukuma ce ke karɓarsa ta damƙa shi ga wani iyali ko wani dangi, tana biyan kuɗin ɗawainiyarsa. Wasu yaran sukan koma gida, wasu a samu masu ɗaukarsu dindindin. Amma duk shekara kusan matasa dubu 20 ne shekarunsu ke cika ba tare da sun samu ko ɗaya ba. A shekara 18 riƙon ke ƙarewa, sai dai wata doka ta 2008 ta ba jihohi damar tsawaita shi zuwa 21, kuma da yawa sun yi hakan.

Matashin da ya fito a haka ba shi da gidan da zai koma ya ce a zuba masa tuwo. Abin da yake dogara da shi shi ne tallafin abinci na gwamnatin tarayya mai suna SNAP, wanda kimanin mutum miliyan 40 ke karɓa. Duk wata ake zuba kuɗi a wani kati mai kama da na cirar kuɗi, mutum ya je kanti ya sayi kayan abinci. Idan aka raba, abin da kan zo wa mutum ɗaya bai wuce kimanin Dala 6 a rana ba. Ba a sayen giya ko taba da katin, haka ma sabulu da magani da ƙwayoyin bitamin.

Sharaɗin wata uku

Inda gizo ke saƙar shi ne wani sharaɗi da aka kafa tun 1996, zamanin Shugaba Bill Clinton. Baligi mai lafiya wanda ba ya kula da yara, wata uku kawai zai karɓi tallafin a cikin shekara uku, sai fa idan ya nuna yana yin aiki, ko koyon sana'a, ko aikin sa-kai na awa 80 a wata.

A watan Yunin 2023 Shugaba Joe Biden ya sa hannu a dokar da ta ɗauke wannan sharaɗi daga kan rukuni uku: tsofaffin sojoji, marasa matsuguni, da matasan da suka cika shekara 18 a hannun riƙo, har zuwa shekara 24. An tsara sassaucin zai kai 2030. Bai kai ba. A ranar 4 ga Yulin 2025 Shugaba Donald Trump ya sa hannu a wata babbar dokar haraji da kashe kuɗi, wadda ta soke shi. Masu goyon bayan sokewar sun ce sharaɗin na tura mutane neman aiki, yana kuma rage wa gwamnati kashe kuɗi.

To, amma ka duba wanda ake magana a kansa. Yaron da aka yi ta yawo da shi daga wannan gida zuwa wancan, karatunsa ya sha yankewa. Sau da yawa ba shi da tsayayyen adireshi, don haka wasiƙar hukuma kan wuce shi. Ba shi da mota a ƙasar da zuwa aiki a garuruwa da dama sai da mota. Aikin da yake samu irin na kanti ne ko gidan abinci, wanda wannan makon a ba shi awa 25, mako mai zuwa a ba shi 10. Ko ya yi aikin, sai ya kai shaidar takarda. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, shi kuwa an ce ya fara jan ruwan tukuna.

Akwai waɗanda har yanzu sharaɗin bai hau kansu ba, kamar mai juna biyu, da wanda rashin lafiyar jiki ko ta ƙwaƙwalwa ta hana shi aiki, da mai kula da yaron da bai kai shekara 14 ba. Idan kana da ɗan uwa a can da wannan ya shafa, ka tuna masa ya bincika ko ya faɗa cikinsu.

Magani a cikin da babu komai

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, dokar lafiya ta 2010 ta ba waɗannan matasa inshorar lafiya ta gwamnati har su kai shekara 26. Ke nan an lamunce musu magani na shekara takwas, abinci kuwa na wata uku.

Mu da ke miƙa maganin mun san abin da hakan ke nufi. Maganin zazzaɓin cizon sauro na artemether da lumefantrine ba ya shiga jini yadda ya kamata sai an haɗa shi da madara ko abinci mai maiƙo. Ibuprofen da diclofenac suna cin bangon ciki, kuma mai jin yunwa ya fi saurin jin zafinsu. Mai ciwon suga da ya yi allurar insulin ko ya sha glibenclamide bai ci komai ba, sukarin jininsa na iya faɗuwa, ya kama rawar jiki da gumi, har ya suma. Budurwar da ke rayuwa a kan biredi da lemon kwalba, ƙarancin jini na jiran ta, domin duk wata tana zubar da jinin da abincinta ba ya mayarwa. Wanda kuma ya ga magani na wahalar da shi saboda yunwa, a ƙarshe ajiye shi yake yi.

Mu fa a nan gida?

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce yaro shi ne wanda bai kai shekara 18 ba. Bayan nan, matashin da ya fito daga gidan marayu ko daga hannun mai riƙo ba shi da wani kati da ke jiran sa. Katinsa shi ne ni da kai.

Saboda haka idan akwai ɗan riƙo a gidanka, ko ke uwar gida kina riƙe da 'yar 'yar uwarki, kada a jira ranar rabuwa. Tun yana shekara 15 a sa shi a sana'a. A nema masa takardar haihuwa da lambar NIN, a buɗe masa asusun banki. Idan yana shan wani magani na dindindin, kamar na sikila ko farfaɗiya ko asma, a ba shi katin asibitinsa a hannu, a tabbatar ya san sunan maganin da yadda ake shan sa. A koya masa girki da cefane, namiji ne ko mace. Masu kai taimako gidajen marayu kuma, ku riƙa tambayar ina waɗanda aka sallama bara suke.

Sama da komai, ranar da zai tafi a gaya masa da baki cewa kwanonsa na nan. Yaro mai kunya ba zai dawo ya roƙa ba, sai an ce masa ya zo.

Shi dai matashin nan na Agege, sai da ya sha shayi da madara a wurin mai shayin da ke gefenmu kafin na bari ya haɗiyi ƙwayoyin farko. Sauran shan biyar da suka rage masa, da su na kwana a raina.

Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.