Ba Kowane Ciwo Ne Sanyi Ba

Iyayenmu mata da 'yan'uwa na Daura, Mai'adua, Zango, Sandamu da Baure, mun lura da zarar mace ta ji ƙaiƙayi ko ta ga ruwa mai wari, sai a ce sanyi ne, a nufi kemis. Amma jini bayan kwanciyar aure, ko tsakanin al'ada, na iya zama alamar sankarar bakin mahaifa. Ƙwayar cutar HPV ke kawo ta, takan yi shekaru ba a jin komai. Awo ne ke gano ta da wuri, a magance. Mai shekara 30 ta je asibiti a duba ta. Mai ɗauke da HIV, tun 25. A 2023 Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafi kyauta. Maigida, ka raka ta. Ubangiji ya kiyaye mu.