Tsarabar Kaka: Buhun Gawayin da Ke Saman Motar 'Yan Abuja

Daga tsakiyar Oktoba, da zarar ruwan sama ya fara ja da baya, tashoshin mota na Jabi da Utako da Zuba sukan cika tun da asubar Asabar. 'Yan kamasho na ta ƙwala kira, Kaduna, Zariya, Kano, saura mutum ɗaya. Ma'aikacin gwamnati da ɗan kasuwar Wuse da mai gadin gida a Gwarimpa duk sun nufi hanya ɗaya, domin kaka ta yi a gida. An daɗe da yanke gero, gyaɗa na shanya, wake ya bushe a gona, dawa kuma ta sunkuyar da kai tana jiran Nuwamba. Yanzu ne ake ɗaura auren da aka ɗaga tun bazara, yanzu ne ake fitar da zakkar hatsi, kuma yanzu ne tsohuwa za ta aiko a ce ta kwana biyu ba ta ga jikokinta ba. Zumunta a ƙafa take, don haka sai a kama hanya.

A tafiya, bayan mota yakan ɗauki shinkafa da man girki da sabulu da turmin atamfa da maganin hawan jinin Baba. A dawowa kayan sun sauya: buhun masara, tiyar wake, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kwalbar man shanu. Sai kuma wani buhu baƙi ƙirin da aka ɗaure a sama da igiyar roba, bakinsa a cushe da ganye. Shi kam ba daga gida ya fito ba. A bakin titi aka tsaya aka saye shi, kuma a cikin kayan nan duka babu wanda ya kai shi tsada ga ƙasa.

Duk wanda ya saba bin hanyar Kaduna ya san wuraren. Da an wuce Dutsen Zuma, an bar Suleja da Tafa a baya, ana dosar Jere da Katari, za a riƙa ganin buhunan gawayi jere a gefen kwalta, kusa da tulin doya da itacen girki. Haka abin yake a hanyar Keffi zuwa Akwanga, haka a hanyar Abaji zuwa Lokoja. Farashin ya fi na cikin gari sauƙi, shi ya sa direba ba ya gardama idan fasinja ya ce a ɗan tsaya.

Mai kishin muhalli yakan fara damuwa da man da motarsa ke sha, kuma yana da gaskiya. Lita ɗaya ta fetur idan ta ƙone tana sakin kimanin kilo 2.3 na iskar kabon mai ɗumama duniya. Tsakanin Abuja da Kano akwai tafiyar kilomita 400 da 'yan kai. A ƙaddara mota na shan lita 10 a kowace kilomita 100: zuwa da dawowa lita 80 ke nan, wato abin da ya kai kilo 185 na wannan iska. Idan mutum ɗaya ne a motar, nauyin duka nasa ne. Idan su biyar ne, kowa ya tashi da kilo 37. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, aljihu ya riga ya koya wa mutane wannan lissafi, 'yan gari ɗaya sukan haɗa kuɗin mai su cika mota guda. Mai zuwa Kaduna kuma yana da jirgin ƙasan da aka buɗe a Yulin 2016, mai tashi daga Idu ya bi ta Kubwa ya sauke a Rigasa, tafiyar kilomita 186, inda inji ɗaya ke jan ɗaruruwan mutane.

To amma a dubi gawayin. Kusan dukkansa kabon ne, don haka kilo ɗaya idan ya ci wuta yana fitar da abin da ya kusa kilo uku na iskar nan. Buhu biyu masu kilo 30 kowanne sun kusa kamo hayaƙin man tafiyar gaba ɗaya, zuwa da dawowa. Wannan kuwa kafin a lissafa abin da ya faru a daji.

A dajin, mai yin gawayi yakan kayar da itace, ya daddatsa gungumen, ya jera su tsibi guda, manya a ƙasa ƙanana a sama. Sai ya lulluɓe da ɗanyar ciyawa, ya bi da ƙasa ya toshe ko'ina, ya bar 'yan ƙofofi. Ya cinna wuta ta gefe ɗaya, ya zauna gadi kwana da kwanaki, duk inda ƙasa ta rufta harshen wuta ya leƙo sai ya yi maza ya rufe, don idan iska ta shiga da yawa toka zai kwasa. Hayaƙin yakan fara da fari mai kauri saboda ruwan jikin itacen, daga baya ya koma shuɗi siriri, alamar aiki ya nuna. A irin wannan hanya ta gargajiya, ana ƙona kilo biyar zuwa goma na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi. Buhu ɗaya mai kilo 30 ya lashe itacen da ya kai kilo 150 zuwa 300, mafi yawan ƙarfinsa ya bi iska tun kafin uwargida ta ɗora tukunya.

Kuma ba kowane itace ake nema ba. Mai saye yana son gawayi mai nauyi, wanda in an ƙwanƙwasa zai yi ƙara, mai daɗewa bai zama toka ba. Wannan sai itace mai tauri: ƙirya, wadda maƙera suka san darajar gawayinta tun kaka da kakanni, da marke, da kaɗanya, wani lokaci har ɗorawa. Kaɗanya takan shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, daga nan ta yi ta bayarwa fiye da tsawon ran wanda ya gan ta tana tsiro. Da man kaɗe mata da yawa a Jihar Neja ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. A Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwallon kaɗanya waje na wata shida domin a riƙa sarrafa shi a gida, amma masana'antar man kaɗe ba ta da amfani idan uwar itacen ta tafi cikin buhu. Ita ma daddawar da ke cikin tsarabar, daga kalwar ɗorawa aka yi ta.

Babu adalci a ɗora laifin duka a kan mai gatari ko mai girki. Abuja ta zama babban birni a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991, kuma tun daga lokacin garuruwan gefenta, Nyanya da Karu da Mararaba da Kubwa da Gwagwalada da Suleja, suke ta kumbura. Miliyoyin bakuna ne ke jiran abinci sau biyu ko uku a rana. Kananzir ya fi ƙarfin talaka, wutar lantarki ba ta da tabbas, kuɗin gas kuma duk lokacin da ya yi tsalle, sai gidaje su jingine tukunyar gas su jawo kurfoti. Mai tsire da mai shayi da mai gasa masara da mai guga duk da gawayi suke neman abinci. Saurayin ƙauye kuma, da rani ya shigo, gawayi ne kuɗin da ya fi kusa da hannunsa. Jihohi da dama sun sha shelar hana sare itace don gawayi, buhunan dai ba su bar bakin titi ba.

Abin lura yana gaba, bayan an wuce Zariya. Ruwan sama a ƙasar Kano bai kai na Abuja ba, jama'a sun fi yawa a ƙauyuka, kusan babu taƙin ƙasar da ba a nomawa. Duk da haka, mai kallo ta taga zai ga gonaki cike da itatuwa a warwatse: kuka, tsamiya, ɗorawa, darbejiya, ɗinya, gawo. Masu bincike na Jami'ar Bayero, ciki har da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, sun auna wannan a shekarun 1980. Sun tarar itatuwan gonakin kewayen Kano ba raguwa suke yi ba, duk da yunwar makamashi ta birnin, kuma yawancin itacen girkin da ake sayarwa daga dazuzzuka masu nisa ake kawo shi. Dalilin a fili yake. Itacen gona yana da mai shi. Ana gadonsa, ana raba 'ya'yansa, ana sassabe reshensa a bar gindin. Itacen daji kuwa na wanda ya riga kai gatari ne.

Manoman Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun kai wannan hikima inda duniya ta waiwayo. Bayan farin shekarun 1970, gonakinsu sun zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi, dashen da hukumomi suka yi ta yi kuma mafi yawansa ya mutu. A 1983 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan ƙananan tsirran da manoma ke sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturan itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka fara gwada wata hanya: maimakon a share duka, a zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi a kowane kututture, a datse sauran, a kare su daga dabbobi da wuta. Da yake saiwar ta riga ta yi nisa, sai tohon ya yi saurin da dashe ba zai taɓa yi ba. Manoman suka sa wa abin suna sassaben zamani. Da hukuma ta sassauta dokar da ta mayar da itatuwa mallakar gwamnati, manomi ya tabbata abin da ya raina nasa ne, sai aikin ya bazu zuwa Zinder da sauran yankuna. An ƙiyasta itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood, tare da manomin Burkina Faso Yacouba Sawadogo.

Gawo ne sarkin wannan aiki, kuma lokacin kaka ne ya fi nuna kansa. Shi da damina yake zubar da ganye, don haka ba ya yi wa gero inuwa. Idan ruwa ya ɗauke, komai ya fara bushewa, sai ya fito da sabon ganye shar. Ganyen da ya zubar taki ne, saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, 'ya'yansa kuma abincin awaki da shanu ne a tsakiyar rani. Kowane tsohon manomi zai nuna maka cewa zangarniyar gindin gawo ta fi ta sauran gona cika.

Najeriya na cikin shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, kuma tun 2015 akwai hukumar da ke kula da shi a jihohi 11 na Arewa. Sai dai ɗan Abujan da ya je gida yana da wata dama da jami'in hukuma ba shi da ita. Shi ne ke aiko da kuɗin taki, maganarsa tana da nauyi a zaure. Bayan an gaisa, an tambayi hanya da iyali da yadda kaka ta yi, ba abin kunya ba ne ya bi ƙaninsa ko kawunsa gona, ya tsaya a kan wani toho ya ce, "Kawu, don Allah ku bar mana wannan, ni zan biya kuɗin shinge."

Akwai tsarabar da ta fi turmin atamfa amfani ga Inna: murhu mai tsimin itace, irin su Save80 da aka daɗe ana yaɗawa a Kaduna da Kano, ko ma na laka da ake ginawa a tsakar gida. Yana rage itacen da ake ci, yana rage hayaƙin da take shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya kashe mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, mata da yara ƙanana ne suka fi zama a bakin murhun. Sai kuma leda. Kowace tsaraba a cikinta take zuwa, a ƙauye kuma babu motar kwashe shara, iskar hunturu ce ke watsa ta cikin gonaki, akuya ta haɗiye ta tare da harawa ta yi ta ramewa. Mahauta sun saba ciro dunƙulenta daga tumbin dabba. Jaka ɗaya mai ƙwari da buhun da za a sake amfani da shi sun wadatar.

Wanda ba shi da mafita sai gawayi, ya sayi abin da zai ishe shi, ya sa a murhu mai rufin laka a ciki, ya riƙa rufe tukunya, ya jiƙa wake kafin dafawa, ya kashe garwashin da ya rage don gobe. Ya kuma tambayi mai sayarwa na wane itace ne, ya ƙi na kaɗanya da ɗorawa. Idan masu saye da yawa suka riƙa tambaya, labari zai kai daji.

Dashen sabon itace sai ruwa ya zauna, wajen Yuni ko Yuli, don abin da aka dasa da kaka ƙishirwa ce za ta kashe shi. Aikin wannan lokaci shi ne kare wanda ya riga ya tsiro: a zagaye shi da ƙaya ko karan dawa, a share busasshiyar ciyawar gindinsa saboda gobarar daji, a sanar da makiyayan da suka saba sauka a gonar. Lokacin kuma ƙanƙane ne. Da an gama yankan dawa a Disamba za a saki dabbobi cikin gonaki, kuma tohon da ba shi da shinge shi awaki za su fara ci.