Zaman Baƙunci A Gana: Zango Yana Karɓa, Takarda Ke Zaunarwa

A tashoshin mota na Ikko ba a rasa samarin Arewa masu shirin ƙetarawa zuwa Gana, wasu da niyyar fatauci, wasu kuwa sun ji labari ne cewa can wuta ta fi zama, ciniki kuma ya fi tafiya. Galibinsu suna ganin tun da sun iya zaman Agege ko Sabon Badun, to zaman Kumasi ba zai gagare su ba. Amma fa akwai bambanci babba. Mutumin Kano a Ikko yana cikin ƙasarsa ne, ko da bai ji Yarabanci ba. Da zarar ya wuce iyakar Seme, ya zama baƙo a idon doka.

TSOHUWAR HANYA

Zuwan Hausawa wannan ƙasa ba yau aka fara ba. Tun zamanin fataucin Gwanja ayari ke tashi daga Kano da Katsina da jakuna, su kai kanwa da tufafi da fatu kasuwar Salaga, su komo da goro. Yaƙin basasar Salaga na 1892 shi ya watsa fatake zuwa Kumasi da Karaci da Akra, wadda mutanenmu ke kira Ankara. A Karaci ne shahararren malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, ya zauna har ya rasu cikin 1934. Daga nan zanguna suka yi ta yaɗuwa, har Hausa ta zama harshen da ƙabilu iri iri ke ciniki da shi a unguwanni kamar Nima da Sabon Zango.

Saboda haka wanda ya sauka yau ba zai rasa masallaci ko tuwo ko mai yi masa tafinta ba. Tsarin mai gida da kowa ya sani a kasuwar goro ta Shagamu, shi ne a can: mai gida ya ba ka masauki, ya haɗa ka da dillali, ya tsaya maka wajen bashi. Wannan karɓa ita ke ruɗin mutane da yawa, har su manta da cewa Sarkin Zango ba shi ke ba da iznin zama ba.

ABIN DA YA FARU A 1969

Ran 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Firayim Minista Dokta Kofi Busiya ta ba da umurni cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Dubban 'yan Nijeriya, Yarabawa da Hausawa, da kuma mutanen Nijar, suka kwashe. Cikinsu har da waɗanda aka haifa a can, ba su taɓa ganin garin iyayensu ba. Aka sayar da gidaje da rumfuna da gonakin koko a wulaƙance, don mai saye ya san mai sayarwa ba shi da lokaci. Abin da ya cuci yawancinsu shi ne sun yi shekara da shekaru ba wanda ya tambaye su takarda, sai suka ɗauka ba a bukatarta.

Cikin Janairu 1983 kuma gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta yi irin wannan, mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka bar Nijeriya. Duka biyun a lokacin matsin tattalin arziki aka yi su. Ƙasa mai tasowa in abinci ya yi tsada, aiki ya yi wuya, baƙo ake fara dubawa.

IYAKA, HAYA DA KASUWA

Gaskiya ne yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan Afirka ta Yamma damar shiga ƙasashen ƙungiyar ba biza. Amma kwana 90 ne kawai. Wanda zai wuce haka sai ya nemi iznin zama wurin ma'aikatan shige da fice. Haihuwa a Gana ma ita kaɗai ba ta sa yaro ya zama ɗan ƙasa, sai in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasar ne.

Daga Ikko zuwa Akra iyaka uku ce: Seme, da ta tsakanin Binin da Togo, sannan Aflawo. Ko'ina ana neman fasfo da katin allurar shawara. Kuɗi kuma kala uku ne, naira da sefa da sidi, kowane canji yana cin wani abu daga jari.

Sai batun ɗaki. Dokar haya ta 1963 ta hana karɓar fiye da kuɗin wata shida a gaba, amma masu gidaje a manyan birane sun saba neman na shekara ɗaya ko biyu. Mai ƙaramin jari yakan ga rabin abin da ya zo da shi ya tafi kafin ya kasa kaya. Tsada ma ba ta barin kowa: cikin Disamba 2022 hauhawar farashi a Gana ta haura kashi 54 cikin ɗari.

Mafi zafi shi ne kasuwa. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙaramin ciniki na cikin kasuwa da talla, ta kuma ɗora wa baƙo mai son kasuwanci jarin dala miliyan ɗaya da ɗaukar 'yan ƙasa 20 aiki. Da ita aka kafa hujja cikin 2019 da 2020 aka garƙame kantunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Akra, daidai lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Waɗanda suka buɗe kanti da sunan wani ɗan ƙasa don kauce wa dokar, dukiyarsu ta rataya ne ga amanar mutum ɗaya.

Mai niyyar tafiya ya fara zuwa ya gani da idonsa, ya bar iyali tukuna. Ya sabunta fasfonsa, ya tambayi ofishin jakadancin Nijeriya a Akra abin da doka ta ce a kan sana'arsa a yanzu, ya karɓi rasit a kan kowane kuɗin haya. Kada kuma ya sayar da gida ko gonar da ya bari a Arewa don ya ƙara jari. Dattawan da suka komo cikin 1969 da ƙunshin kaya a ka, waɗanda suka fi samun sauƙi su ne masu inda za su sauka.