ZAMAN MAKKA DA MADINA BAYAN AJIYE AIKI: NASIHA GA MAI ƘARAMIN ƘARFI

 

Akwai wata tambaya da 'yan'uwa suke yawan kawo mana, musamman ma'aikatan gwamnati waɗanda suka kusa cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, da kuma 'yan kasuwa waɗanda suka fara miƙa wa 'ya'yansu makullin rumfa. Tambayar kuwa ita ce: shin mutum zai iya tattara ɗan abin da ya tara, da garatuti da fansho, ya ƙaura zuwa Makka ko Madina, ko wata ƙasar Musulmi mai sauƙin rayuwa, ya ƙare sauran kwanakinsa a can cikin rufin asiri? Mun ga ya wajaba mu amsa a wannan fili, domin kuskure a cikin wannan al'amari yakan cinye gidan mutum da jarinsa a lokacin da ba shi da sauran ƙarfin sake nema.

Abin Da Malamai Suka Ce

Zaman dindindin a kusa da Ɗakin Allah ko Masallacin Annabi shi ne malamai suke kira mujawara, watau maƙwabtaka. Buri ne mai daraja, kuma hadisi ya zo a wurin Tirmizi yana kwaɗaitar da wanda ya sami iko ya mutu a Madina. Imamu Malik, Allah Ya ji ƙansa, ya fifita Madina a kan kowane gari, a cikinta ya rayu har ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira. Zamakhshari, mai tafsirin nan, saboda daɗewarsa a Makka aka yi masa laƙabi da Jarullahi, maƙwabcin Allah.

Amma fa malamai ba su haɗu a kan magana ɗaya ba. Imamu Abu Hanifa ya karhanta zaman dindindin a Makka, Imamu Shafi'i da Imamu Ahmad kuwa suka so shi. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddini, ya bayyana dalilan masu karhantawa: tsoron kada sabo ya rage wa mutum kwarjinin Ɗakin a zuciyarsa, da cewa rabuwa tana ƙara bege, da kuma tsoron aikata saɓo a wurin da saɓo ya fi muni. Imamu Nawawi ya daidaita tsakani, ya ce abin so ne, sai fa ga wanda ya fi zaton zai faɗa cikin abin da aka hana. Wannan sharaɗi na Nawawi shi ne ma'aunin maganarmu ta yau.

Kakanninmu sun yi wannan tafiya a ƙasa, wasu shekara biyar, wasu goma, suna noma da ƙodago a hanya. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin da har yanzu ake kira da sunansa a bakin kogin Nilu, kusa da Sennar. Alfa Hashim ya wuce har Madina, ya zama malami abin nufi, a can ya rasu. To, amma a wancan zamani babu fasfo irin na yau, babu igama, kuma mai lafiya yana iya ci da guminsa duk inda ya sauka. Wanda zai tafi yau dattijo ne, kuma a kowace ƙofa takarda za a tambaye shi.

Maganar Takarda

Bizar Umra ba takardar zama ba ce. Tun 2022 hukumomin Saudiyya suka tsawaita ta zuwa kwana 90, kuma tilas mai ita ya fita kafin lokacin Hajji, a ranar da aka sanar. Igama ta yau da kullum kuwa ta ma'aikaci ce da iyalinsa, ba a yi ta domin ɗan fansho ba. A 2019 Saudiyya ta buɗe wata igama ta musamman wadda ba ta buƙatar kafili: ta shekara guda Riyal 100,000, ta dindindin Riyal 800,000. A farkon 2024 aka ƙara wasu hanyoyi, ciki har da ta mai gidan da darajarsa ta kai Riyal miliyan 4. Kowa ya ji waɗannan adadi ya san ba don akawu ko mai rumfa ɗaya a Kantin Kwari aka tsara su ba.

Saboda haka ne wasu suke shiga da bizar Umra su ɓace, su zama abin da muke kira takari. Lalle muna yi wa dattawa gargaɗi a kan wannan. Wanda ya karɓi biza ya ɗauki alkawarin fita, cika alkawari kuwa wajibi ne. Bayan haka, marar takarda ba ya iya kama haya da sunansa, ba ya buɗe asusun banki, yana tsoron asibiti, kullum yana waige a kan hanyarsa ta zuwa Harami. A 2013, da kuma 2017, hukuma ta yi gagarumin kame, aka maido dubban mutane ƙasashensu, wasu daga su sai tufafin jikinsu. A Hajjin 2024, da zafi ya haura ma'auni 51 a Makka, mutane sama da 1,300 suka rasu, kuma hukuma ta bayyana cewa kashi 83 cikin ɗari nasu ba su da izinin Hajji, watau ba su da tanti ko motar da za ta kāre su daga rana. Wanda ya tafi neman natsuwa ya ƙare da ɓuya da ƙarya da bara a Shara Mansur, shi ne ainihin wanda Nawawi ya togace.

Maganar Kuɗi

Dattawa da yawa suna lissafi da Nairar da suka sani a da. A 1980 Naira ɗaya ta fi Dala ɗaya da rabi, alhaji yakan dawo da guzurinsa bai ƙare ba. Yau abin ya juya. Riyal an ɗaure shi da Dalar Amurka tun 1986, Riyal 3.75 a kowace Dala, saboda haka duk sa'ad da Naira ta faɗi a gaban Dala, ta faɗi a gaban Riyal ke nan.

Mu ɗauki misalin wanda fanshonsa Naira 150,000 ne a wata. A farkon 2023, da canjin hukuma na kimanin Naira 460 a Dala, wannan kuɗi ya kai Riyal 1,200 da ɗoriya. Bayan an saki Naira a watan Yuni na shekarar, canji ya haura 1,500 a cikin 2024, sai fanshon nan ya koma Riyal 375, alhali kuwa ko kwabo ba a rage masa ba. Da wannan canji, igamar shekara guda ta Riyal 100,000 ta kama Naira miliyan 40, watau fanshonsa gaba ɗaya na shekara 22. Ga haya, ga abinci, ga magani, ba a taɓa su ba. Ka'idar da muke so kowa ya riƙe ita ce: wanda samunsa da Naira ne, kashewarsa da kuɗin wata ƙasa, to rayuwarsa tana hannun 'yan canji.

Sa'an nan ga lafiya. Hawan jini da ciwon sukari da ciwon ƙoda ba su san alfarmar wuri ba. Inshorar da ke haɗe da bizar Umra ta gaggawa ce, ba ta ɗaukar jinyar shekaru. A gida, in dattijo ya kwanta, akwai ɗa mai kai shi asibiti, da 'ya mai dama masa kunu, da maƙwabci mai leƙowa bayan Asuba. A can, kowane ɗaya daga cikin waɗannan sai an biya. Kada kuma a manta cewa ofisoshin fansho sukan kira tantancewa lokaci lokaci, wanda bai amsa ba yana iya rasa sunansa a takardar biya.

Sauran Ƙasashe Fa?

Wasu sukan ce, to in Saudiyya ta yi tsada, ai ga Dubai, ga Turkiyya, ga Malesiya, ga Masar. Haƙiƙa akwai ƙasashen da suka buɗe ƙofa ga masu ritaya, amma kowace ta sa wa ƙofar farashi. Dubai ta fito da bizar ritaya a 2020 ga mai shekara 55, bisa sharaɗin ajiyar Dirhami miliyan 1 ko makamancin haka na gida ko na samun wata. Turkiyya tun Oktoba 2023 ba ta ba da izinin zama ta hanyar sayen gida sai gidan ya kai Dala 200,000, kuma gidan da ke can dokar gadonsu ce take hawa kansa, wadda ba ta bin rabon da Alƙur'ani ya yi. Malesiya a tsarinta na 2024 ta nemi ajiyar Dala 150,000 a matakin da ya fi sauƙi daga cikin manyan matakanta uku. Masar ta fi su arha, ga Azhar ga malamai, amma kuɗinta ya faɗi daga kimanin Fam 31 zuwa kusan 50 a Dala a watan Maris 2024, kayan masarufi suka tashi. Sudan kuwa, wadda ta daɗe tana zama gida na biyu ga Hausawa, yaƙin da ya ɓarke a Afrilu 2023 ya kori mutane daga gidajen da suka gina a Hartum. Ko Maraɗi da Damagaram, inda harshe ɗaya ne kuma dangi ɗaya, kuɗinsu sefa ce mai ɗaure da Yuro, mai fanshon Naira sai ya lissafa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Haƙƙoƙin Da Ke Wuya

Ko da takarda da kuɗi sun samu, akwai lissafi na uku wanda ya fi su nauyi. Mujawara mustahabbi ce a wurin masu sonta, ciyar da iyali kuwa farilla ce, kuma ba a barin farilla domin nafila. A mazhabarmu ta Malikiyya, ciyar da mata wajibi ne, haka ɗa namiji har ya balaga yana iya nema, da 'ya mace har ta tare a ɗakin mijinta, da iyaye in matalauta ne. Matar da miji ya tafi ya bari, in ta cutu da rashinsa, tana da ikon kai ƙara, alƙali ya rubuta masa ya dawo, ko ya ɗauke ta, ko ya sawwaƙe mata. Mai bin bashi ma yana da ikon hana wanda yake bi tafiya in lokacin biya zai cika yana can. Sa'ad da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙasi ya so ya yi wasiyya da mafi yawan dukiyarsa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsayar da shi a kan sulusi, ya nuna masa cewa barin magada cikin wadata ya fi barinsu suna roƙon mutane. Kuma littattafan tafsiri sun ruwaito cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna zuwa Hajji ba guzuri, suna kiran haka tawakkali, sai umarni ya sauka a Suratul Baƙara cewa a yi guzuri. To, ina hujjar wanda zai sayar da gidan da 'ya'yansa suke ciki, ya tafi ya dogara da sadakar alhazai?

Hanyar Da Muke Ba Da Shawara

Ba muna rufe ƙofar alheri ba ne. Akwai mutum iri biyu da wannan ƙaura take yi wa kyau. Na farko, wanda ɗansa ko 'yarsa suke aiki a can da igama ta halal, suna iya neman masa izinin ziyara ko na zama, su ɗauki nauyinsa. Na biyu, wanda yake da samu mai gudana da ya ishe shi ya ishi waɗanda ya bari, ko da canji ya sake ninkawa.

Ga sauran jama'a kuwa, mu ne mafi yawa, shawararmu ita ce mujawara ta lokaci. Mutum ya riƙe gidansa da gonarsa da rumfarsa, ya riƙa tara wani abu, duk bayan shekara biyu ko uku ya tafi Umra ya zauna wata ɗaya ko biyu, cikin kwanakin da biza ta ba shi. Ya kauce wa Ramalana in ƙarfinsa kaɗan ne, domin a lokacin ne masauki ya fi tsada, ya nufi watannin farkon shekarar Hijira. Ya haɗa kai da amintattun abokai su kama masauki a unguwar da ke nesa da Harami kaɗan, irin Aziziyya, su riƙa girka abincinsu. Ya tafi da maganinsa da takardar likita, da tikitin dawowa a hannu. Kafin ya tashi ya biya bashi, ya rubuta wasiyya a gaban shaidu, ya naɗa wakili a kan dukiyarsa da fanshonsa, ya bar wa iyali abin ci. Wanda ya yi haka ya sami sallolin Harami da zuciya kwance, ya kuma dawo da begen da Gazali ya ambata, wanda zai sake kai shi.

Ga ma'aikacin da yake da sauran shekaru a gaba, yanzu ne lokacin shiri. A ƙarƙashin dokar fansho ta 2014, ana cire masa kashi 8 cikin ɗari, mai aikinsa ya ƙara kashi 10. Ya riƙa duba asusunsa ya tabbata kuɗin suna shiga, ya kuma sani cewa tun 2021 akwai asusu marar kuɗin ruwa wanda zai iya neman a mai da ajiyarsa ciki. Ɗan kasuwa kuma kada ya karya jarinsa gaba ɗaya, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, babu ran da ya san ƙasar da zai mutu a cikinta. Sahabbai da yawa sun bar Madina, an binne su a Sham da Kufa da Masar, hakan bai rage musu daraja ba. Dattijon da ya zauna a garinsu yana koyar da jikokinsa Alƙur'ani, yana sulhunta 'yan unguwa, yana cika sahun farko, shi ma yana kan aiki mai girma. Allah Ya kai mu Ɗakinsa ta hanyar halal, Ya rufa mana asiri a tsufanmu, Ya sa mu cika da imani duk inda ajali ya riske mu, amin.